Saƙa da Warwara: Daren da Aka Yi wa Bakwaini Hula

An haifi yaron ranar Talata da asuba, a tsakiyar watan Janairu, lokacin da hazo ya lulluɓe Kano har direba ba ya hango fitilar motar da ke gabansa. Ya zo da wuri, ciki bai wuce mako 33 ba, nauyinsa kilo 1.8. Da hantsi ma'aikaciyar jinya ta leƙo daga ɗakin jarirai ta ce wa dangin da ke zaune a baranda su miƙo hula da safa. Aka miƙa nan take, domin jakar kayan haihuwa ta daɗe a shirye. Ba a jima ba ta dawo da hular a hannu. Ta yi masa yawa, in ji ta, da zarar ya motsa sai ta zamo ta rufe masa hanci. A nemo ƙarama.

Neman ya faɗa kan babbar yayar mai jego, wadda kowa a gidansu Yaya yake ce mata, har mahaifiyarsu idan tana raha. Akanta ce a wani kamfani, shekarunta 38, kuma an san ta da rashin son jira: ita ce mai duba agogo a gidan biki, ita ce mai tambayar tela ranar karɓa tun kafin ya gama awo. Ta shiga shago bayan shago a Sabon Gari, duk hular da aka ɗauko mata ta jaririn da ya cika wata tara ce. A shagon ƙarshe mai kayan ya juya hular a hannunsa ya ce, "Hajiya, irin wadda kike nema sai dai a saƙa." Ya sayar mata da curi biyu na ulu mai laushi da kwarashi mai kaurin milimita 4.

Tun a mota ta samo bidiyo a YouTube wanda ya yi alkawarin cewa ko wadda ba ta taɓa riƙe kwarashi ba za ta gama hula cikin rabin awa. Yaya ta yi lissafi irin na akanta: a ninka saboda rashin sabo, awa ɗaya ke nan. Za ta fara bayan sallar isha'i, ta kwanta kafin goma.

Ƙarfe biyun dare ya same ta a falo da abubuwa uku a kan kujera. Na farko ya baje kamar faifai, bakinsa ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen salak. Na biyu ya tsuke ya zama ɗan ƙoƙon da ko ƙwai ba zai shiga ba. Na uku ya yi tauri har bakin kwarashin ya ƙi kutsawa cikinsa. Hausawa suna kiran tunanin da ke hana barci saƙa da warwara. A daren nan Yaya ta yi ta hannu, ta yi ta zuci.

Abin da ya sa hula ba ado ba ce a ɗakin jarirai

Wanda bai taɓa tsayuwa a bakin wannan ɗaki ba zai yi mamakin yadda 'yar hula ta hana babbar mace barci. Dalilin yana cikin halittar jariri. Kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, saboda haka fatar da ke fitar da ɗumi ta can tana da yawa idan aka kwatanta da ta babban mutum. Jariri kuma ba ya karkarwa ya ɗumama kansa yadda manya suke yi. Yana dogara ne da wani kitse na musamman, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda jiki ke ƙonawa don samar da zafi, kuma yawancin wannan kitse a ƙarshen ciki yake taruwa. Bakwaini ya fito kafin ya gama tara guzurinsa. Idan sanyi ya kama shi, sukarin jininsa da iskar da yake shaƙa za su tafi wajen yaƙi da sanyin, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen tsotson nono da girma ya ragu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zafin jikin jariri mai lafiya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Tazarar digiri ɗaya ce kacal. Shi ya sa take ba da shawarar a tsane jariri da zarar ya faɗo, a rufe masa kai, a jinkirta wankan farko har bayan awa 24.

A shekarar 1978 wani likitan yara mai suna Edgar Rey, a wani babban asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, ya ga bakwaini sun fi kwalaben da za a sa su yawa. Sai ya fara ɗora su a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a ɗaure su da zane. Wannan dabara ce aka sa wa sunan dabbar kangaru, kuma a 2022 Hukumar ta ba da shawarar a fara ta nan da nan bayan haihuwa ga yaran da suka zo da wuri ko da ƙarancin nauyi. Ga Bahaushiya goyo ne da aka mayar gaba. Jikin uwa ke ba da ɗumin, zane ya tsare shi, sai kai da ya rage a waje. Wannan gurbin hula ke cikewa, muddin ta zauna daidai. Wadda ta yi yawa tana iya toshe numfashi, wadda ta matse ta bar shata a goshi. A daren farko ma'aikaciyar jinya ta naɗe kan yaron da auduga da bandeji, ta ce zai wadatar zuwa gobe.

Lissafin da ke ɓoye cikin da'ira

Biyu daga cikin kurakuran Yaya na lissafi ne, abin da ya fi ba ta haushi da ta gane. Hular kwarashi daga tsakiyar kai ake fara ta. Ana yin ɗan zobe, a cika shi da ƙulli, sannan a yi ta kewaya shi zagaye bayan zagaye. Kowane sabon zagaye ya fi na cikinsa faɗi, kuma akwai ƙa'idar da ta ƙayyade yawan ƙarin. Kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau 3.14. Idan zagaye ɗaya ya ƙara tsayin ƙulli ɗaya a kowane ɓangare, kewayen zai ƙaru da wannan tsayi sau 6.28. Gajeren ƙulli tsayinsa da faɗinsa kusan ɗaya ne, don haka ana ƙara shida a kowane zagaye. Dogon ƙulli ya kusa ninka shi a tsayi, don haka ana ƙara goma sha biyu: 12, sai 24, sai 36.

Wadda ta ƙara ƙasa da haka, bakin saƙarta ba zai isa ya kwanta ba, sai ya miƙe sama ya zama ƙoƙo tun ba a je ko'ina ba. Wadda ta zarce, bakin zai yi yawa ya rasa inda zai zauna, sai ya yi ta lanƙwasa. Wannan lanƙwasa tana da daraja a wurin masana. A 1997 Daina Taimina, malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya da ke Jami'ar Cornell a Amurka, ta yi amfani da kwarashi da ƙari mai yawa da gangan, ta saƙa siffar wani fili mai lanƙwasa wanda malamai suka daɗe suna bayyanawa a allo ba tare da samun samfuri mai ƙwari da ɗalibi zai juya a hannu ba. Abin da Yaya ta jefar kan kujera da ƙarfe sha ɗaya ɗan'uwan wannan siffa ne.

Hula kuwa dabararta ita ce sanin inda za a tsaya da ƙari. Ana baje da'ira har ta kai faɗin saman kai, sannan a ci gaba da kewayawa da adadi ɗaya, gefe ya sauko da kansa. Katin yaron ya nuna kewayen kansa santimita 30. Saƙa tana buɗewa, saboda haka hular za ta zama santimita 27 ko kusa da haka. A raba 27 da 3.14, a samu 8.6: faɗin da'irar da za a tsaya a kai ke nan. Da zaren da Yaya ta saya, zagaye uku ne. Sai zagaye biyar masu ƙulli 36 kowanne, da na ƙarshe na gyaran baki. Jimla ƙulli 288.

Daga nan ake gane inda rabin awar bidiyo ya fito. Hannun da ya saba, idan yana yin ƙulli a daƙiƙa uku, zai gama 288 cikin kimanin minti goma sha biyar, sauran lokacin na bayani ne. Hannun da ke buƙatar daƙiƙa ashirin zai ci minti 96, idan bai yi kuskure ko ɗaya ba. Masu irin wannan bidiyo kuma suna da hanyoyin rage adadin: zare mai kauri, babban kwarashi, ƙulli mai tsayi. Kowanne yana rage ƙidaya, kowanne yana faɗaɗa ramukan da ke tsakanin zare. Ga babban mutum da zai sa hula don sanyin safiya ba laifi. Ga yaron da yatsansa bai fi tsinken ashana kauri sosai ba, rami wurin maƙalewa ne kuma ƙofar iska.

Gidan Goggo

Kuskure na uku lissafi bai warware shi ba. Bayan sallar asuba Yaya ta zuba komai a leda ta nufi cikin birni, gidan ƙanwar mahaifinsu. Goggo ta haura saba'in. Ta koyi kwarashi a ajin aikin hannu tun tana firamare, kuma shekara da shekaru babu jaririn da aka haifa a dangin bai sa hularta ba. Yanzu ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta, yana kuma ta fara rufe ido ɗaya.

Bayan gaisuwa da barka da addu'ar Allah ya raya, Goggo ta karɓi saƙar ta uku. Ba ta kai ta kusa da ido ba. Ta murza ta tsakanin babban yatsa da manuniya.

"Ke 'yar nan, wa kike faɗa da shi? Kin shaƙe zaren."

"Goggo, so nake ta yi ƙarfi kada ta warware."

"Ba ta warwarewa don an sassauta. Zauna nan."

Ta kama bakin zaren ta ja, aikin awa guda ya narke cikin ƙiftawa. Yaya ta ji abin har ranta. Amma a nan ta fara fahimtar yadda saƙar take. Abin da ake kira ƙulli zarge ne da aka zaro ta cikin wani zarge, shi ma aka zaro wani ta cikinsa, babu ɗauri na gaskiya sai na ƙarshe. Kowane zarge ƙofa ce da za a dawo a shiga a zagaye na gaba. Wadda ta matse shi yanzu, kanta ta rufe wa ƙofa. Mai koyo tana matsewa ne saboda tsoro da gaggawa, kafaɗa ta ɗaga, numfashi ya tsaya, yatsu su ƙanƙame. Sakamakon shi ne duk ƙullin da ta yi da sauri sai ya ci ninkin lokacinsa idan ta zagayo kansa. Sauri ya haifi nawa, kamar yadda ake faɗa.

Goggo ta zagaya zaren a ƙaramin yatsan Yaya na hagu, ta ɗora shi kan manuniya, ta ce ta bar shi ya riƙa zamewa da kansa kamar igiyar guga. Ta nuna mata cewa faɗin zarge a jikin kwarashi ake auna shi, can inda ƙarfen ya yi kauri. Yaya a wuyansa take yi, kusa da ƙugiya, inda ya sirance. Sannan ta sa ta kashe wayar.

"Waccan matar ba ta san hannunki ba. Ƙidaya da baki, in ji."

Goggo ba ta taɓa jin 3.14 ba. Nata lissafin a baka yake: sha biyu a zobe, sai biyu-biyu a kowane gida, sai ɗaya nan biyu can, sai a bar ƙari. Da Yaya ta ambaci santimita 30, ta sa aka kawo tef na tela aka yi ta auna kayan ɗaki har aka dace da wani babban lemon zaƙi. Shi ya zama kan yaron. Ta hana a sa tuntu, ta hana a sa igiyar ɗauri a haɓa, ta ce duk bakin zaren da ya rage a soke shi ciki da allura har ya ɓace.

Sau biyu Yaya ta ɓatar da ƙidaya, sau biyu aka warware zagaye guda. A zagaye na biyar ta lura ta daina duba agogo. Hannun ya soma gane gidan da zai shiga kafin ido ya nuna masa. Ana kiran azahar hular tana zaune daram a kan lemon.

Aikin da inji bai karɓe ba

Suna cikin aiki Goggo ta tuna mahaifiyarta, wadda ba ta san curin ulu na kanti ba. Ita daga auduga take farawa: ta gurje ta fitar da angurya, ta shiɓe, ta zauna da mazari da taskira tana kaɗi har fitila ta ci mai. Abawa daban, siririn zare daban. Sai masu kaɗi da dama sun yi kwanaki kafin masaƙi ɗaya ya samu abin da zai ɗora a masaƙarsa. A kan wannan aiki na mata a tsakar gida aka gina cinikin tufafin da Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851, ya kuma bayyana yadda ake kai su ƙetaren Sahara. Curin da Yaya ta saya cikin minti biyu ya haɗiye duk waɗannan kwanaki. Yawancin abin da kasuwa ke kira ulu ma ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayarwa da sunan Orlon a wajen 1950.

Kaɗi ya koma hannun inji, saƙar tufafi ma haka. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Saƙar tsinke biyu, irin ta rigar sanyi da safa, ta riga su duka: tun 1589 William Lee ya ƙera injinta a Ingila, kusa da Nottingham. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne a saƙar tsinke dukan zargunan layi ɗaya a buɗe suke, a jere, suna jiran a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ana iya ba kowane zarge allurarsa, a sa alluran su motsa tare.

Kwarashi ya sha bamban. Zarge ɗaya ne kawai a raye a kowane lokaci, kuma kafin a yi na gaba sai ƙugiya ta nemo gurbi a jikin saƙar da ta riga ta kammala, gurbi mai laushi da ke motsi, ta shiga ta kusurwar da ta dace. Yatsa yana yin wannan ba tare da tunani ba. Akwai injinan masana'anta da ke fitar da abin da ya yi kama da aikin kwarashi, musamman leshi da adon baki, amma wata saƙa ce daban aka yi wa kama. Har yau babu injin kasuwanci da ya maye gurbin hannu a ainihin aikin. Ma'anar haka ita ce duk hula, jaka ko shawul na kwarashi na gaskiya da ke rataye a shago, a Kano ko a Landan, wani mutum ya zauna ya yi shi ƙulli bayan ƙulli.

Sana'ar ba ta da tsufa sosai a rubuce. Sunanta daga kalmar Faransanci ta ƙaramar ƙugiya ya samo asali, kuma bayanan koyar da ita na farko da aka buga sun fito ne a wata mujallar Holan mai suna Penélopé a farkon shekarun 1820. Ta bazu sosai a Ayalan lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, inda aka koya wa mata da yara saƙa leshi don sayarwa a ƙasashen waje. Abin da ya sa ta dace da masu yunwa a fili yake: jarinta ƙugiya ɗaya ce da zare, sauran duk lokaci ne, kuma lokacin talaka shi ne abin da kasuwa ta fi saye da araha.

Kuɗin awa ɗaya

Wannan batu ne ya tsaya wa Yaya a rai tana tuƙi zuwa asibiti. Watanni kaɗan kafin haka, wata mai aikin shara a ofishinsu ta kawo mata shawul ɗin jariri da ta saƙa, fari tas, mai ado a gefe. Yaya ta taya rabin kuɗin da aka faɗa, ta kafa hujja da cewa na kanti ya fi araha. Matar ta yi shiru, sannan ta sallama, domin kuɗin makarantar ɗanta ya matso.

Yanzu Yaya tana da ma'auni a hannunta. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000. Idan aka raba da awa 40 a mako, kimanin awa 173 a wata, awa ɗaya ta tashi kusan naira 400. Shawul ɗin da ya ci awa talatin, kuɗin zama kawai ya kai naira 12,000, ba a sa zare ba, ba a sa shekarun da aka yi kafin hannu ya ƙware ba. Abin da ta biya bai kai nan ba. Ta kwatanta aikin hannu da na inji, ta ce hannu ya sauko.

Ba mata masu kwarashi kaɗai ke cikin wannan hali ba. Hular kube ko zanna da ma'aikaci ke kafawa ranar Juma'a, idan ta hannu ce, wani ya yi makonni yana soka allura a cikinta, sau da yawa a tsakanin wasu ayyukan, a zaure ko a tsakar gida. Mai saye yana ganin launi da tsarin zane, yana taya kuɗi, makonnin ba sa bayyana a jikin hular. Su kansu masu yin aikin ba kasafai suke ƙidaya awanninsu ba. Da Yaya ta tambayi Goggo nawa ne lokacin da shawul ke ci, amsar ita ce, "Ya danganta da yaran gida." Ana saƙa ne a ragowar lokaci, bayan girki, kafin la'asar, ana jiran tuwo ya sulala. Abin da aka yi a ragowar lokaci sai a ɗauka kyauta ne.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa alkawarin rabin awa yaudara ce zalla. Ba don shi ba da Yaya ba ta sayi kwarashi ba. Ƙaramin aiki mai ƙarewa da wuri shi ne ke riƙe mai koyo, domin wadda ta fara da bargo za ta ajiye shi a mako na biyu. Hula tana koyar da zobe, ƙari, ƙidaya da gyaran baki a zama ɗaya, kuma idan ta lalace asarar yini guda ce. Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne rabin awar tana can gaba, bayan hula ta goma ko ta ashirin.

An wanke hular da sabulu marar ƙamshi, iskar hunturu ta busar da ita kafin la'asar. Ma'aikaciyar jinya ta juya ta ciki da waje, ta sa yatsa ta gwada ramukan, ta shige da ita ba ta ce komai ba. Da magariba aka bar Yaya ta leƙa. Ƙanwarta tana kishingiɗe, yaron yana manne a ƙirjinta cikin zane, ba a ganin komai nasa sai 'yar hula ruwan madara mai ɗan karkataccen layi a baya, inda Yaya ke haɗa kowane zagaye.

"Yaya, ke kika yi wannan?"

"Ni da Goggo. Kada ki duba bayan."

Washegari ma'aikaciyar jinyar ta tare ta a baranda ta ce akwai wasu yara huɗu a ɗakin, iyayensu daga ƙauye aka kawo su, babu wanda ya zo da hular da ta yi daidai. Yaya ta yi ta biyu a daren cikin awa biyu, ta uku cikin awa ɗaya da rabi. Ranar Litinin ta nemi mai sharar ofishinsu ta cika mata kuɗin shawul, ta kuma ba ta aikin hula goma, a kan kuɗin da matar ta yanke da bakinta.

Kan bakwaini yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a mako. Kafin a sallame su hular ta fara barin shata. Goggo, da aka kawo ta ganin yaron, ta ce a ba ta ta warware, zaren yana da kyau, a ƙara masa kaɗan a yi babba. Mai jego ta ce an riga an yi wa hular wuri: akwai wata yarinya da aka haifa daren jiya, ta fi nata ƙanƙanta. Goggo ta ce to Allah ya raya su duka, ta juya ga Yaya ta tambaye ta ko ta zo da kwarashinta. Yana cikin jaka, kusa da makullin mota. Yaya ta zaro zare ta yi zobe, Goggo ta karkato kunnenta.

"Da baki, in ji."

"Ɗaya. Biyu. Uku."